Allah Ya Ja Zamanin Kwali

Gaishe ka Kwali, sarkin karin kumallo, gagarabadan teburin masu hali! Gaishe ka dogo mai ƙaramin ciki, rabinka hatsi rabinka iska, wanda ake biya da gumin mako guda a ɗauka da yatsa biyu. Kai ne baƙon da ya iske koko a zaure ya tura shi ɗakin 'yan aiki. Kai ka raba jika da kunun kakarsa, ba ka zare takobi ba, ba ka ɗaga murya ba. Mai zakara a goshi, mai damisa a ƙirji, mai ƙananan rubutu a ƙeya waɗanda ba a karantawa. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka farashi, ya tsare ka daga sharrin masu lissafi.

Wajibi ne a yi wannan jinjina, don mu mutane ne masu saurin manta alheri. Har mun manta irin duhun da aka tsamo mu daga ciki. Shekaru aru-aru kakanninmu suna tashi da asuba su sha koko da ƙosai, ko kunun tsamiya, ko su zauna gaban ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, sannan su saɓa garma su yi ta huɗa har azahar ba wanda ya ce wash. Bayin Allah, ba su san suna cikin wahala ba. Babu wanda ya taɓa rubuta musu adadin bitamin a jikin ƙwarya, saboda haka duk ƙarfin da suka yi ƙarfin rashin sani ne, marar takardar shaida. Yau kuwa, albarkacin Kwali, yaro zai karya ƙarfe bakwai, kafin ƙarfe goma cikinsa ya fara kiran ciroma. Ina ci gaban da ya wuce wannan? Yaro ya san yunwa tun da hantsi, ya san hanyar mai biskit a bakin makaranta, tattalin arzikin ƙasa yana motsi.

Sarautar nan kuma ba ta haye ba ce, tana da asali. A garin Battle Creek na jihar Mishigan a Amurka aka yanke cibiyarta, a wani gidan jinya na 'yan ɗariƙar Adventist, a hannun likita John Harvey Kellogg, bawan Allah mai zurfin tunani da ya gano cewa yawancin masifun ɗan Adam daga daɗin baki suke farawa. A fahimtarsa nama da yaji da kayan ƙamshi suna tayar da sha'awa, sha'awa kuwa uwar cututtuka ce. Magani shi ne a ba mutum abinci lami wanda harshe ba zai yi marmarinsa ba, jiki ya yi sanyi, zuciya ta kwanta. Likitan bai tsaya a baki kaɗai ba, har kindirmo yakan sa a ɗura wa majinyata ta ƙasa, don a gyara hanji ta ƙofa biyu. A 1894 shi da ƙanensa suka bar dafaffiyar alkama ta kwana, da suka bi da ita ta cikin injin matsa sai kowace ƙwaya ta baje ta fito fale-fale. Daga baya aka gwada da masara. Ka ji mafarin konfileks. Don haka idan ka ga Alhaji ya karya da cikakken kwano na wannan abinci mai albarka, da yamma kuma ka hango shi wurin mai maganin gargajiya a bakin tasha yana magana ƙasa-ƙasa, kada ka yi masa mummunan zato. Adalci yake yi tsakanin masana'antu biyu.

Ƙanen, Will Keith Kellogg, shi Allah ya ba basirar da ta fi. Ya lura cewa abincin da aka ƙirƙira don kada a ji daɗinsa yana da 'yar matsala a kasuwa, sai ya zuba masa sukari, ya kafa nasa kamfanin a 1906. Yayan ya ce an ci amanar magani. Aka shiga kotu a kan wanda ke da iko da sunan gidan, aka yi shekaru ana shari'a, ƙane ya yi nasara, zumunci ya tsinke har kowannensu ya bar duniya yana da shekara 91. Dubi girman sadaukarwa! Mutum ya rabu da ɗan'uwansa na jini don kawai ɗanka ya sami abin lasa da safe. Wace mai ƙosai ce ta taɓa yi maka haka?

Amma abin da ya fi cancantar a buga masa tambari shi ne hikimar sarrafawa. Ƙwayar masara, yadda Allah ya halicce ta, tana zuwa da kaya niƙi-niƙi: ga dusa a waje, ga ɗan tsiron nan na ciki inda mai da sauran amfani suka taru. Masana suka duba suka ga kayan sun yi mata yawa, ga shi man nan yana sa abu saurin lalacewa a kan kanta. Sai a cire dusar, a cire tsiron, a sayar wa masu kiwo da masu tatsar mai, a bar zallar sitaci. A dafa shi da sukari da gishiri, a busar, a bi ta kansa da manyan ƙarafa har ya koma fallen takarda, a gasa. Daga nan sai karamci ya motsa. A fesa masa bitamin, a haɗa masa garin ƙarfe, a rubuta a jikin kwali da manyan haruffa cewa an ƙara masa kaza da kaza. Garin ƙarfen nan ba almara ba ne: niƙa wasu nau'o'in ka jiƙa a ruwa, ka kawo maganaɗisu mai ƙarfi, za ka ga baƙar ƙura tana binsa. Wanda ya karɓe maka riga da wando da hula, sannan ya dawo maka da hular a bainar jama'a da kiɗa da algaita, ai ba shi da wani suna sai mai kyauta.

Alhamdu lillahi, yanzu ba sai mun je Mishigan ba, alherin ya biyo mu gida. Nasco na yi a Jos, Nestlé na da Golden Morn na masara da waken soya, Kellogg ma da kansa ya haɗa hannu da Tolaram suka buɗe masana'anta a Lekki ta Legas a 2017. Manomin Saminaka ya sayar da masararsa da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa kuma mai bashin taki ke tsaye a ƙofar gida. A loda ta a tirela, ta yi tafiyarta, ta dawo bayan watanni cikin riga mai launi bakwai, kuɗin kwali ɗaya ya isa ya auno tiyoyin irinta a Dawanau. Idan manomin ya shigo birni ya wuce ta gaban babban kanti, yana iya leƙawa ta gilashi ya ga inda gumin nasa ya kai. Ba kowa Allah ke nuna wa ɗaukakar abin da ya shuka da idonsa ba. Gaisuwa daga waje ta wadatar, ba a shiga fada da ƙura a ƙafa.

Mahassada, waɗanda ba a rasa su a ƙofar kowane babba, suna cewa in ka buɗe kwali za ka tarar da leda, in ka buɗe ledar za ka tarar rabi iska ce. To, iskar Legas kyauta ake kawo ta Kano? Suna kuma ƙorafin sukari. A jikin kwalaye da yawa an rubuta ƙarara cewa giram 30 ne cin mutum ɗaya, abin da da ƙyar zai rufe gindin kwano, kuma duk lissafin sukarin a kan wannan ma'auni aka yi shi. Idan ɗanka ya zuba ninki uku, wannan matsalar tarbiyya ce, ka nemi uwarsa. A 2011 wata ƙungiyar bin diddigi a Amurka ta auna wani nau'i mai suna Honey Smacks ta tarar fiye da rabin nauyinsa sukari ne, ta yi ta kururuwa. Maimakon a yaba wa wanda ya iya ɓoye alewa a cikin hatsi har uwa ta miƙa wa ɗanta da hannunta tana sa masa albarka! A 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tsare Kellogg a kan tallar da ke cewa wani nau'insa yana ƙara wa yara natsuwa a aji da kusan kashi 20 cikin ɗari, wai hujjar ba ta kai ba. Chile ta kafa dokar da ta kori damisar nan Tony daga jikin kwali, dattijon da ke yi wa yara murmushi tun 1952. Meziko kuwa a 2022 ta kama kwalaye dubu 380 saboda zanen 'yan tsana. Mu dai a nan mun san darajar baƙo, ba a ji mu da irin wannan rashin kunya ba. Kuma gaskiya ta yi halinta a ƙarshe: a 2024 kamfanin Mars mai yin cakulan Snickers ya sanar zai sayi ɓangaren gidan Kellogg da ke riƙe da kasuwannin waje, a 2025 Ferrero mai Nutella ya nemi ɗaya ɓangaren. Abincin gidan jinya ya koma hannun masu alewa. Jini ba ya ɓuya.

Sai kuma Yarima mai jiran gado, ɗan lelen likitoci, sanyin idon masu son rage tumbi, farin hatsi mai zama a gwangwani, wato ots. Ɗan ƙasashen sanyi ne. Kanada da Rasha ne manyan masu nomansa, gonakinmu kuwa bai ga sun kai matsayin ya tsira a cikinsu ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida, don abin da ba ya fitowa a bayan gidanka dole ya fi wanda ke fitowa. Da dala yake tafiya: in ta hau ya hau, in ta sauko ya tsaya inda yake saboda mutunci. A Amurka ta ƙarni na 19 yawancinsa abincin dawaki ne, har wani Bajamushe, Ferdinand Schumacher, ya fara niƙa shi don mutane a garin Akron. Allah ya saka wa dawakin Turawa da alheri da suka yi haƙuri aka raba da mu. Dattijon nan mai baƙar hula da furfura da ke jikin gwangwanin Quaker, tun 1877 aka yi rajistar irin hotonsa. Kamfanin ba shi da alaƙa da ɗariƙar Quaker, an dai ji labarin mutane ne masu gaskiya da riƙon amana, sai aka ari fuskarsu. Aron fuskar mutanen kirki ai girmamawa ce.

Gidan nan kuma ya bauta wa ilmi. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, a makarantar Fernald ta jihar Massachusetts, inda gwamnati ke ajiye yaran da aka ce suna da taɓin ƙwaƙwalwa da waɗanda ba su da gata, masana daga jami'ar MIT, da tallafin kamfanin Quaker, suka kafa wa yaran ƙungiyar kimiyya. Aka ƙara musu madara, aka kai su kallon wasa, aka riƙa ba su kunun ots da aka sa wa sinadarai masu tururin nukiliya don a bi sawun yadda jiki ke tsotse ƙarfe da alli. Ba a wahalar da yaran ko iyayensu da dogon bayani ba. Yaran da ba wanda ya san da zamansu, ga su a tarihin kimiyya! Da suka girma, maimakon godiya sai suka kai ƙara, a 1998 aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. Ɗan Adam ke nan.

Ots dai yana da wani sinadari mai yauƙi da ke rage kitsen jini, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta haka a jikinsa a 1997. Da wannan bushara Hajiya ke shiga kicin, kuma a nan ne ya kamata marubuci ya cire takalmi.

Ta jingina waya a jikin filas, wata Baturiya a ciki tana bayani cikin murya mai laushi. Kofi ɗaya na ots, kofi biyu na ruwa, a auna daidai, don wannan ba damun ƙauye ba ne da ake yi da ido. Ta kunna gas, ta rage wuta, ta ɗauko cokalin katako. Ba muciya ba, ranka ya daɗe, muciya ta tuwo ce. Mutanen Sukotland suna da tasu sandar juya kunun, kuma tun 1994 suke gasar duniya a ƙauyen Carrbridge, inda gwanin da ya fi iya dafa ots da ruwa da gishiri kaɗai yake tafiya gida da sandar mai ruwan zinare. Mu da muke tuƙi tun zamanin Bagauda ko ta azurfa ba wanda ya ba mu, wanda ke nuna cewa juyawar tamu ba ta bisa ƙa'ida. Minti biyar abin ya yi kauri, ya fara huci yana fashewa ɓul-ɓul, launinsa launin toka mai daraja. Hajiya ta ɗanɗana. Ta yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun wanda ya haɗu da babban al'amari. Sannan ta miƙa hannu: sukari cokali uku, madarar gwangwani mai kauri, zuma, ayaba, dabino huɗu, man gyaɗa, a sake ɗan ƙara sukari saboda yara. Hikimar a fili take. Sinadarin rage kitsen nan bai kamata ya shiga jiki ya zauna ba aikin yi ba, dole a tura masa abokan karawa.

Ba a ci sai an ɗauki hoto, kuma hoto yana son haske da haƙuri. A jera yankan ayaba, a matsar da kwano kusa da taga, a goge gefensa, a ɗauka, a sake. Kafin a gama ya huce ya yi fata a sama, cokali na iya tsayawa a tsakiyarsa ba tallafi, alamar abinci mai tsayuwa da ƙafarsa. Yara sun zauna suna tura shi daga wannan gefe zuwa wancan cikin girmamawa, ba mai son ya riga ɗan'uwansa. A can baya kuwa 'yar aiki, baiwar Allah da ba ta waye ba, ta dama kokonta, ƙamshin citta da kanumfari da masoro ya cika tsakar gida yana damun mutane. Ba a san dalili ba, kullum a daidai wannan lokaci ne Alhaji ke tuna cewa bai duba janareto ba, ya zaga baya, ya daɗe, ya dawo yana goge baki. Namiji mai kula da kayan gidansa.

Na ga ranar da aka kawo wa surukar gidan, tsohuwa da ta zo ganin likita daga ƙauye, nata kason a kwanon tangaran. Ta sa cokali, ta tauna a hankali, ta dubi matar ɗanta.

“'Yar nan, wa ya dama kunun nan bai tace ba?”

“Inna, ots ne. Haka Turawa ke shan sa.”

“Ayya. Allah ya ba su lafiya. Akwai sauran ɗumame?”

A yi mata uzuri. Tsohuwa ce da ta haura tamanin da haƙoranta, tana tafiya ba sanda, ba ta taɓa sanin awon sukarinta ba don bai taɓa ba ta dalili ba. Ina za ta fahimci harkar lafiya?

Ƙololuwar fasaha kuwa ita ce sabon binciken da intanet ta fito da shi: a jiƙa ots da madara ko yogot a cikin kwalba, a rufe, a bar shi ya kwana. A jiƙa hatsi ya kwana! Wane irin kai ne ya fara tunanin wannan? Gaskiya ne iyayenmu mata suna jiƙa gero, su wanke, su kai markaɗe, su tace, su bar gasara ta kwanta ta yi tsami kafin a dama, amma su a roba suke yi, ba a kwalba mai ɗaurin zare a wuya ba, don haka ba za a haɗa ba. Sharaɗin na zamani shi ne ya kwana a firji. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kamar yadda aka saba don a koya mana tawakkali, da safe za a buɗe kwalbar a ji ta yi wani tsami mai ratsa hanci. Kada a zubar. Ya kusa kai matsayin gasara, kuma da kuɗin da ya fi nata nesa ba kusa ba.

Gero kam sai haƙuri, lokacinsa bai yi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum ta ce ta gero ce da danginsa, bisa shawarar Indiya, masana suka yi ta yabon jurewarsa ga fari da amfaninsa a jiki. Nijeriya da Nijar suna sahun gaba a masu nomansa a duniya, amma muka yi kawaici irin namu, ba mu bari zancen ya shiga kicin ba. Yabon kai jahilci ne. Acca ta riga ta yi dabara, ta tsallaka teku, ana sayar da ita a kantunan Amurka cikin 'yar leda mai kyau, kuma tuni wasu 'yan birni suka fara jin cewa ashe tana da amfani. Ranar da gero ya je Landan ya dawo da hoton dabba a goshi da farashin da zai sa mutum ya dafe ƙirji, ranar za mu san Allah ya yi mana baiwa.

Saura kira ga Iya mai koko ta bakin layi, wadda ke tashi tun kafin kiran assalatu tana ciyar da unguwa guda da 'yan canji. Iya, ki ji tsoron Allah ki daina zubar da darajar sana'a. Kokonki ya cika araha, ya cika ƙosarwa, ga shi kina cika kofi har baki kina ƙara gyara. Ki rage gasarar, ki ninka sukarin, ki nemi kwali ki zuba rabi ki bar rabi, ki sa a zana miki kura tana dariya a gaba, ki rubuta bayanin da Turanci, ki ninka kuɗin sau goma. Wallahi da mota za mu zo layi.